Ƙwai Goma Sha Huɗu a Rariyar Shayi

A takarda an rubuta karatu ne ya kai ni Misra. Gaskiyar maganar kuwa, rashin amfanina a jirgin Baba ne ya kai ni. Mu mutanen Doron Baga ne, bakin Tafkin Chadi, kuma duk namijin gidanmu da ragar kamun kifi a hannu yake tashi, ban da ni. In aka ba ni sanda in tura jirgi, sai mu yi ta zagaye wuri ɗaya. In aka ce in jefa birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe, sai ya faɗa ruwa a dunƙule kamar an jefa wanki. To da wani Alhaji dillalin banda ya ce zai ɗauki nauyin yara uku su tafi karatun addini, Baba bai ko tsaya shawara da Inna ba, ya ba da sunana. Ya ce wa Alhajin, "Wannan in ya tafi ba abin da zai ragu a jirgi sai nauyi."

Na sauka Alƙahira a ƙarshen 2011. Akwai makarantar koyon Larabci da ake fara shiga kafin a wuce gaba, to ni a nan na kafa gida. Sau biyu ina zana jarrabawa, sau biyu tana zana ni. Larabcin littafi ya ƙi ni, amma na titi ya karɓe ni hannu biyu: cikin wata shida na iya yi wa direban mikrobas tsiya har fasinjoji su yi dariya. Da Alhaji ya ga sakamako na biyu sai ya janye hannunsa, kuma ban ga laifinsa ba. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na ci gaba da zama a shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu na Abbasiya, mu shida a ɗaki biyu, ƙarƙashin wani ɗan Zariya da muke kira Ustaz, wanda ko atishawa ka yi sai ya gaya maka hukuncinta a mazhabobi huɗu.

Kawu ne ya samo min aiki. Tsoho ne Bahaushen Sudan, yana zaune a Hadayek el-Maadi. Kakansa ya baro ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ya maƙale a hanya, ya yi aure, shi ke nan. A masallacin Juma'a muka haɗu, ya ji ina zagin wani da Hausa kan takalmi, ya juyo yana murmushi kamar ya ga ɗan ƙanwarsa. Ya daɗe yana aiki a asibitin wata likitar haƙori a Mohandisin, shi ke buɗe ƙofa, shi ke shayi, shi ke kiran layi. Gwiwoyinsa sun fara gajiya da goge-goge, sai Daktura ta ce ya kawo wanda ya yarda da shi.

Ranar farko, a ƙasan bene, ya riƙe min kafaɗa.

"Ɗan Baga, fuskata na ajiye a teburin matar nan. Kada ka taka min ita."

"Haba Kawu, ni da ko tururuwa ba na takawa."

"Bakinka nake tsoro, ya zol. Ƙafarka ba ta dame ni ba."

Aikin nan shi ne gadona a Abbasiya, shi ne burodina, shi ne kuma abin da ya hana ni komawa Doro hannu na dukan cinya, ba takarda ba komai. Shi ya sa na kama shi da kyau. Kullum in shiga metro zuwa Ataba, in hau mikrobas in tsallake gada, in leƙa Nilu ta taga in ce masa sannu, duk da ba ya kama da ruwanmu ko kaɗan.

A ɗakin jira akwai akwatin gilashi na kifi, tsawonsa ya kai gadon mutum. Ɗan Daktura ne ya haɗa shi kafin ya tafi Kanada, shi ya sa ko ƙuda ba ta so ya sauka a kai. Duwatsu a ciki, farin yashi, da wani ɗan inji mai hura kumfa. Kifayen wasu shuɗi, wasu ruwan ɗorawa, wasu da ratsi-ratsi kamar saƙi. Mai kifin da ke zuwa duk mako biyu a babur ya gyara musu ruwa ya ce daga wani tafki a Malawi aka kamo su, ba haihuwar gilashi ba ne, tsadarsu ta fi ni. Na durƙusa na kalle su da kyau. Na ga bakin, na ga ƙayar baya, na ga yadda suke tsayawa cak suna hararar juna.

Na ce, "Kawu, waɗannan ai karfasa ce ta sa kayan Sallah."

"Bulti kake nufi? Wanda ake soyawa?"

"Danginsu ne. Ko rantsuwa zan yi."

Ya ce in yi shiru kada Daktura ta ji na haɗa 'ya'yanta da kifin kasko.

Amma na san abin da na gani. Abu ɗaya na iya a tafki, shi ne kallo. Idan sanyi ya wuce ruwa ya fara ɗumi, mukan yi zango a wani tumbu, irin tsibiran nan na yashi da ke cikin tafkin. Su Baba da yayyena su tafi duba raga, ni a ce in tsaya in gyara wuta. Da sun ɓace a bayan ciyawar kacalla sai in ɗauki babbar gorar su, in kife cikina a kai, in sulale gefen da ruwa bai wuce gwiwa ba. Ruwan wurin garau yake, kana ganin yashi kamar a tafin hannu. In ka yi shiru, ka daina motsa ƙafa, sai unguwa guda ta buɗe a ƙarƙashinka.

Ramuka ne zagaye-zagaye, kamar an danna akushi a yashi an ɗauke, wannan kusa da wannan. Kowane rami da mai shi. Namijin karfasa ya ɗebi yashi da baki, ya kai gefe ya tofar, ya dawo ya sake ɗiba, tun safe har rana ta take. A lokacin jikinsa yakan yi wani ja-ja a wuya da wutsiya, kamar wanda aka shafa wa lalle. Maƙwabci ya matso, su buɗe wa juna baki, su yi ture-ture, kowa ya koma gidansa yana huci. Ni har sunaye na ba su. Akwai mai unguwa, akwai ɗan tasha, akwai wani malalaci irina da raminsa bai taɓa zama daidai ba.

Sai mace ta zo. Ta leƙa wannan rami ta wuce, ta leƙa wancan ta wuce, kamar mai taya tukunya a kasuwa. Inda ya yi mata, su yi ta zagaye ita da mai gida, ta zuba ƙwai, kafin ka ƙifta ido ta juyo ta tsince su tas da baki. Daga nan ba ruwanta da shi. Ta shige ƙarƙashin ganyen bado, maƙogwaronta ya kumbura, ta daina ci. Bakin nan kullum yana ɗan motsi kamar tsohuwa mai goro, juya su take yi kada su kwanta wuri ɗaya. Kwanaki suna wucewa tana ramewa. Wata rana sai ka ga wani abu kamar hayaƙi a gaban fuskarta, yara ne, ƙanana kamar tsinken tsintsiya, suna kiwo. Inuwar zalɓe ta gifta, ta ɗan ja baya ta buɗe baki, fuu, duk sun shige. Ni kuwa da na gano haka sai in cire hulata in riƙa yi musu inuwa da gangan, su shiga su fito, su shiga su fito, har in ji sandar Baba ta sauka a gorar.

"Wutar da na ce ka gyara ke nan?"

Baba bai cika magana ba, amma yana da doka ɗaya da duk yaran jirginsa suka sani. In karfasa mai kumburin maƙogwaro ta faɗa raga da ranta, ba a ɗaga ta sama. A cikin ruwan zai sa hannu biyu ya warware ta a hankali, ya sake ta. Ya ce in ka ɗaga ta za ta zubar. In tsautsayi ya sa wani ya jawo ta cikin jirgi ta tofar da ƙwan, sai Baba ya ɗauki ƙwarya ya kwashe su ɗaya-ɗaya ya mayar ruwa, alhali ya san ba za su yi rai ba. Ranar, ban da hm ɗaya, ba wanda zai sake jin muryarsa har a sauka.

To a gilashin Daktura ma akwai mai haƙar rami. Wani babba ne mai ruwan ɗorawa, na sa masa suna Basha. Kullum na zo da safe sai in tarar ya tara yashi a kusurwa har ƙasan gilashin ya fito. Daktura ta ce munin abin yana damunta, in riƙa bajewa. Ni kuwa in baje ina ba shi haƙuri, ina cewa, "Ma'alish ya Basha, umarni ne daga sama." Kafin azahar ya sake haƙawa.

A azumin 2014 abin ya faru, shekarar da zafi ya yi zafi kuma wuta ta riƙa ɗaukewa kamar ana wasa da makunni. Sati biyu kafin nan Kawu ya bar min ba su abinci, saboda tsayuwa a kan kujera ta fi ƙarfin gwiwarsa. Sai ga wata 'yar ƙarama mai ruwan ɗorawa, wadda nake kira Amarya, ta daina ci. A zuba abinci kowa ya yi rububi, ita ta zo ta shinshina ta koma bayan dutse. Kwana ɗaya, biyu, har biyar.

Kawu ya ce, "Azumi take yi. Ta fi wasu da na sani."

Daktura ba ta yi dariya ba. Ta kira mai kifi. Ya zo da rana tsaka, sigari a maƙale a kunne ba halin sha, ransa a ɓace. Ya leƙa sau ɗaya ya ce cuta ce, dubi yadda wuyanta ya kumbura. Ya ce a fitar da ita kafin ta shafa wa saura, a zuba magani. Sannan ya juyo ya kalli bokitin goge-gogena.

"Wa ke ba su abinci yanzu?"

Daktura ta nuna ni da ido.

"To ai shi ke nan. Da hannun sabulu yake sa musu. Ya samara, wannan ba kifin miya ba ne."

Na tambaye shi in ya fitar da ita ina zai kai ta. Ya nuna ƙofar banɗaki da haɓa.

Wallahi tun kwana na uku na san abin da ke bakinta. Na ga motsin nan na tsohuwa mai goro. Shiru na yi saboda Kawu ya ce bakina yake tsoro. Da ma a ce na tsaya a magana kawai, in ce a ba ta sati biyu a gani. Amma mutane huɗu na zaune a ɗakin jira suna kallo, an kira ni samara, wato baƙi, an ce hannuna ne. Sai kaina ya yi zafi.

Na ce da Larabcina na mikrobas, "Ya Daktura, ke da kike leƙa bakin mutane tun safe har yamma, ba ki leƙa bakin wannan ba? Lafiyarta ƙalau. Goyo take yi."

Mai kifi ya yi tsaki. Kawu da ke tsaye da tiren kofuna da ya wanko ya ce min da Hausa, "Ya isa haka, ɗan nan."

Ban ji ba. Na naɗe hannun riga, na hau kujera, na zura hannu. Kama karfasa da hannu ba sai an koya wa ɗan Doro ba, ko da malalaci ne: ta gaba ake zuwa, a kwantar da ƙayar baya da tafin hannu. Na ritsa ta a bayan dutse, na kama, na ɗaga ta sama don kowa ya gani. Na ɗaga ta. Ban ma kai ga taɓa bakin ba ta yi wani karkarwa a hannuna, ta tofar.

Suka zubo cikin ruwa kamar ƙwayar dawa, rawaya-rawaya, suna gangarawa a hankali. Kafin su kai ƙasa sauran kifayen sun taso. Basha ne ma a gaba, uban 'ya'yan. Na saki Amarya, na fizgi rariyar shayi daga tiren Kawu, na shiga kwasa ina ture su da gwiwar hannu, ruwa na zuba a ƙasan da na goge da safe. Da na ɗago, goma sha huɗu ne a rariyar. Sauran, da sun fi haka yawa, sun tafi.

Wata mata mai riƙe da kumatu ta ce la haula. Mai kifi ya sosa ƙeya ya ce e to, wasunsu suna yin haka, ya manta. Amarya ta koma bayan dutse tana buɗe baki tana rufewa, ba komai a ciki.

Daktura ba ta kalle ni ba. Kawu ta kalla.

"Ya yi gaskiya, ba ta da ciwo. Amma wanda zai zura hannu a kayana a gaban marasa lafiya ba tare da ya tambaye ni ba, ba zan iya da shi ba. Ya ƙarasa watan."

Kawu ya ce ta bari zuwa Sallah, albarkacin azumi. Ta shige ciki abinta. Ya ajiye tiren, ya ɗauko tsumma, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa zai goge ruwan. Na karɓe tsumman. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ga ni da rariya a hannu ban san inda zan kai ta ba. Baba mayarwa ruwa yake yi ya haƙura. Ni kuwa sai na tuna bakin nan mai motsi. In juyawa ce kawai suke so, ai ga kumfa. Na ɗaure rariyar da zare a bakin gilashin, rabinta cikin ruwa, daidai saman inda injin ke hurowa. Na matsa, na gyara, har na ga ƙwan sun fara ɗan tashi suna mirginawa a hankali. Na ce to, ku da Allah.

Ba a yi awa ɗaya ba wuta ta ɗauke. Inji ya yi shiru, ƙwai suka kwanta. Na tsaya ina kallo, sai na cire tiyon daga jikin injin na sa a baki na hura. Kumfa ta taso, suka mirgina. Haka na zauna a kan kujera, tiyo a baki, ga azumi ga zafi, har wuta ta dawo bayan la'asar. Kawu ya wuce ni sau uku. A na huɗu ya tsaya.

"Sannu, mai jego. A dafa miki ruwan wanka?"

Na san ya fara hucewa.

Barinsu a asibiti bayan an tashi ba zai yiwu ba, don ba mai hurawa in wuta ta tafi. Kawu ya tono min wani tsohon inji a ɗakin ajiya, ni kuma na wanke kwalbar turshi, kayan lambun nan nasu masu tsami. Kullum in juye su a ciki da ruwan gilashin, in rungume a ƙirji, in shiga mikrobas da metro ina ɗan kaɗa kwalbar. Wani tsoho ya taɓa tambayata ko maganin basir ne, na ce e, daga Afirka, amma na sayar. A shaƙƙa kuwa na zama abin dariya. Na tambayi Ustaz ko hura tiyo na karya azumi.

Ya gyara zama. "Hurawa ba ta karyawa. Haɗiyewa da gangan ce ke karyawa. Sai dai ni ban amince da maƙogwaronka ba."

Haka dai suka yi ta tsiya, amma da wuta ta ɗauke sai ka ga an yi layi. Ba zan faɗi wanda ya fi kowa hurawa ba, amma yana hurawa ne da littafin fiƙihu a buɗe a cinya.

Uku suka yi fari a kwana biyun farko, na tsince su da tsinken sakace. Na rasa ɗaya a Ataba da wani mai buhu ya bangaje ni. Sai tsoro ya kama ni, don ban san kwana nawa zan yi a haka ba. Ranar Juma'a na shiga shagon buga waya na kira Baba. A lokacin rikici ya lalata hanyar Baga, jirage ba sa nisa, shi ya sa na same shi a gida da rana. Muka gaisa, ya ba ni labarin ciwon bayan Inna, sannan na sako tambayata kamar ba komai.

"Baba, wai kwana nawa karfasa ke yi da ƙwai a baki?"



"Ni kamawa nake yi, ban taɓa zama na ƙirga ba. Kai ne ka kwanta a kan gora shekara da shekaru kana kallo. Kai za ka gaya min."

Na rufe ido a cikin ɗan akurkin wayar nan. Sai ga tumbun, ga bado, ga wata mai tsagaggen wutsiya da na taɓa bi tun ranar da ta ɗauka. Mun zo zango wata na jariri, ta saki yaranta wata ya cika. Na ce sati biyu, ko da ɗan ɗori.

"To ka ga ka sani." Ya ɗan yi tari. "Zubarwa ta yi?"

"E."

"Ka ɗaga ta daga ruwa ke nan."

"Na ɗaga, Baba."

"Hm."

Wannan hm ɗin na san shi. Shi ne na ranar ƙwarya. Can sai ya ce, "A makarantar taku ake koyar da kifi?"

"Wani ɓangare ne na karatun."

Sai na ji abin da ban cika ji ba, Baba yana dariya. Ya ce Alhaji ya gaya masa tun bara, jira yake ya ga ranar da zan gaji da ƙarya. Ya ce in dai aikin halal ne in riƙe shi da kyau, don yanzu ko na dawo ba jirgin da zan yi wa nauyi. Ban iya gaya masa aikin saura kwanaki ya rage ba.

Ranar Lahadi wuta ta ɗauke Daktura na tsakiyar aiki. Ta fito tana cire safar hannu, ta same ni da tiyo a baki, idanuna sun yi ja. Kwana shida ke nan tana wuce ni kamar kujera. Ta tsaya. Ta koma ciki ta fito da tabaran nan nata mai ƙara girman abu, wanda take duba haƙori da shi, ta sunkuya a kan rariyar. Ta daɗe.

"Suna da ido," ta ce.

Na cire tiyon. "Da wutsiya ma, ya Daktura. Duba na gefen can, shi ya fi kowa rashin kunya."

"Ci gaba da hurawa."

Ta ba ni tabaran na duba. Kowane ƙwai ya fito da ɗigo biyu baƙaƙe da wani siririn zare mai kaɗawa, ga cikin rawaya kamar sun haɗiyi wake. Ban taɓa ganinsu kusa haka ba, don a tafki wannan lokacin a rufe yake a bakin uwa. Washegari na tarar da wani babban sirinji a kan kujerata da sabon tiyo a jiki. Na san ita ta ajiye, kuma daga ranar bakina ya huta.

Na Malawi sun fi namu nawa. Sati biyu ya wuce cikin bai gama shanyewa ba, sai da aka kusa uku. Ɗaya ya mutu a hanya ban san dalili ba. Tara suka tashi. Mai kifi da kansa ya kawo ƙaramin gilashi ya ajiye a gefe, ya ce min ya basha, kiran manya, maimakon ya samara, na ce Basha na cikin ruwa, ni sunana mai jego. Amarya kuwa tun kwana na biyu ta koma cin abinci kamar ba ita ba.

Ana jibi Sallah, ranar da ya kamata in yi sallama, na goge ko'ina har bayan firij. Na wanke rariyar na mayar wa Kawu. Ya juya ta ya shinshina ya ce in riƙe, shi ba zai ba mutane shayin kifi ba. Daktura ta fito da jakarta, za ta Iskandariya wajen 'yar'uwarta sati guda. Ta tsaya gaban ƙaramin gilashin tana ƙirgawa da yatsa.

"Sau nawa suke ci?"

"Sau uku. Kaɗan-kaɗan, a murje shi ya zama gari."

"Kawunka ba zai iya zuwa daga Maadi sau uku ba."

Ta buɗe jaka ta ciro makulli ta miƙo min. Na sa hannu biyu. Ba ta saki nan da nan ba.

"Hannunka ba ya shiga babban gilashi sai na ce."

"Ko yatsa, ya Daktura."

"Kuma ka bar wa wancan raminsa. Na gaji da faɗa da shi."

Da ta sauka, Kawu ya zauna a kujerar marasa lafiya ya miƙe ƙafa. Ya ce fuskarsa ta ɗan sha ƙura amma ba ta fashe ba. Sannan ya ce in ba shi labarin tafkin nan, wanda kakansa ya ce sun yi kwana da kwanaki suna zagayawa a hanyarsu ta gabas. Na ba shi tun daga ramukan har zalɓe. Na ƙara gishiri kaɗan, amma ba a wajen kifin ba.

Farkon shekarar da ta biyo rikici ya ci garin, mutanenmu suka bar Doro, kamar kowa. Suna Maiduguri, gidan haya, Baba na zama a ƙofar gida yana gyaran ragar da ba inda za a jefa ta. Ni ma ban sake ganin tumbun nan ba.

A watan ne Amarya ta sake daina ci. Na gaya wa Daktura, ta ce in yi yadda na gani. A cikin ruwa na kora ta ta shiga kofi, a cikin ruwa na ɗauke ta zuwa ƙaramin gilashi, ko bayanta bai taɓa iska ba. Na manna jarida a gefe uku na bar ta. Ranar da ta sake su ina cikin goge ƙasa, ɗakin jira ba kowa sai Kawu. Na ajiye tsumma na kira shi. Muka durƙusa, shi da ƙyar. Ga hayaƙin nan a gaban fuskarta.

Na cire hulata.

"Me za ka yi kuma?" in ji Kawu.

"Ba taɓawa zan yi ba. Kalli kawai."

Na gifta hular ta saman gilashin. Ta ja baya, ta buɗe baki, suka shige.

Kawu ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. Can ya ce, "Sake yi."